Kafin Ka Ce Hoto Ya Fito: Nasiha Ga Matasa Masu Ɗaukar Hoto



A yau kusan kowannenku yana yawo da kyamara a aljihu, wasunku ma har sun tara kuɗi sun sayi babba, suna neman na kansu da ita a wajen biki da suna da taro. Ɗaukar hoto ta yi sauƙi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne idon da zai dubi hoto ya faɗi gaskiyarsa. Yaro zai nuna wa abokansa abin da ya ɗauka, kafin ka ce kwabo an jera masa yabo, alhali babu wanda ya tsaya ya duba cikin hoton. Wani kuma ya leƙo ya ce bai yi ba, ya kaɗa rigarsa ya wuce. Da mai yabon da mai kushen babu wanda ya ƙare shi da komai, domin gobe zai sake ɗauka kamar yadda ya ɗauka jiya.

Nasihata a gare ku ita ce, kada ku yanke wa hoto hukunci sai kun iya nuna wurin da aibin yake, kun kuma iya faɗin abin da ya jawo shi. Wanda ya iya wannan zai gyara aikinsa da kansa, kuma idan ya yi magana a kan aikin wani za a saurare shi. Domin maganar ta zauna sosai, zan ɗauki misali guda in bi shi daki-daki, wato hoton injin iska irin na ƙasar Holan.

Me ya sa injin iska?

A gabas da birnin Rotterdam, tafiyar kusan kilomita 15, akwai wani ƙauye mai suna Kinderdijk. A nan ne injinan iska 19 suke tsaye a bakin magudanan ruwa. Takwas daga cikinsu an gina su da jan bulo a shekarar 1738, wasu takwas kuma na katako ne masu kusurwa takwas, an lulluɓe jikinsu da jinkar ciyawa, an gina su a 1740. An yi su ne domin kwashe ruwa daga filayen da ke ƙasa-ƙasa a ɗaga shi zuwa inda zai bi kogin Lek ya fice, saboda kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da matakin teku. Hukumar UNESCO ta sanya wurin a jerin wuraren tarihi na duniya a 1997, kuma tun daga safiya har faɗuwar rana ba ya rabuwa da masu kyamara.

Na zaɓi wannan injin ne saboda ya tara duk abin da ke tona asirin mai hoto. Yana da jiki mai ƙananan zane, layin bulo ko silin ciyawa, waɗanda ke narkewa da zarar an sami ɗan kuskure. Yana da fukafukai huɗu masu saƙar katako, sirara, sun ratsa farin sama. Jikin a kafe yake, fukafukan kuwa suna juyawa. A gabansa akwai dogayen ciyawar bakin ruwa, a ƙasansa ruwa mai nuna inuwarsa, a bayansa sauran injinan sun yi layi har inda ido ya ƙare. Da wuya ka sami abu guda da zai jarraba hannu da gilashi da haske da iska a lokaci ɗaya kamar wannan.

Fara da neman hoton asali

Kafin komai, ka tambaya: wannan shi ne hoton da ya fito daga kyamara, ko kuwa wanda ya biyo ta waya ne? WhatsApp da Facebook suna matse hoto su rage masa nauyi domin ya tafi da sauri. Abin da ya fito daga kyamara da ɗigo 6,000 a faɗi da 4,000 a tsayi, wato megafiksel 24, yana iya isowa gare ka bai kai kashi ɗaya bisa goma na hakan ba. Idan ka yanke hukunci a kan wannan, ka zalunci mai hoton, domin ka kama shi da laifin manhaja. Ka ce ya turo maka a matsayin fayil, ko ya ba ka a katin ajiya. Alamar hoton da aka matse ba ta ɓuya: ka dubi sararin sama kusa da fukafukan, za ka ga ƙananan murabba'ai da wani datti-datti yana bin gefen katakon.

Idan asalin ya zo hannu, ka buɗe shi a allon kwamfuta, ka dube shi sau biyu. Kallon farko na gaba ɗaya ne, daga ɗan nesa, domin ka gane abin da mai hoton yake son nunawa. Injin guda ne? Layin injinan ne? Ko inuwar da ke cikin ruwa? Kallo na biyu shi ne ka buɗe shi zuwa kashi 100, inda kowane ɗigo na hoton yake daidai da ɗigo ɗaya na allo. Kada ka wuce nan zuwa kashi 300 ko 400, domin a can kowane hoto a duniya zai farfashe. Mai sayen hular zanna ba ya tsayawa a kan kyan launi daga nesa, sai ya ɗauke ta ya kusanto da ita ido ya bi ɗinkin zare-zare, ya juya cikinta ya gani. Haka za ka bi hoton: tsakiyar fukafukai inda suka haɗu, tagogin jikin injin, layin bulo, bakin fiffike, ciyawar gaba, sannan kusurwoyi huɗu.

Akwai kuma shaidar da kyamara take rubutawa a cikin kowane fayil: saurin ƙiftawarta, faɗin ƙofar haske, lambar ISO, da tsawon gilashin da aka yi amfani da shi. Ka buɗe bayanan fayil ka karanta su. Sau da yawa za ka san ciwon hoto daga waɗannan lambobi huɗu tun kafin ka gama kallonsa.

Dishi-dishi iri-iri ne

Babban kuskuren mai koyo shi ne ya ɗauka duk rashin kaifi abu ɗaya ne. Kowane iri yana da kamanninsa, yana da dalilinsa, maganinsa kuma daban.

Na farko shi ne rawar hannu. Alamarta ita ce komai na cikin hoton ya goge ta fuska guda, da injin da ciyawa da gadar da ke gefe, babu wuri ɗaya da ya tsira. Idan ka dubi gefen taga za ka ga kamar layi biyu, ɗaya a kan ɗaya. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce, idan da hannu kake riƙe da kyamara, saurin ƙiftawa kada ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashin. Mai gilashin milimita 200 ya nemi 1/200 na sakan ko fiye. Idan ka ga bayanan fayil sun nuna milimita 200 da 1/30, ka gama bincike. A wuri irin Kinderdijk, inda iska ke kaɗawa a fili babu abin da ya tare ta, ko wanda ya kafa kyamara a kan ƙafa uku bai tsira ba idan ƙafar mara nauyi ce ko ya bar igiyar kyamara tana lilo.

Na biyu shi ne kuskuren saiti. A nan akwai wurin da ya fito tar, amma ba wurin da ake so ba. Ka nemo shi. Galibi za ka tarar ciyawar da ke gaba ta fito har kana ƙirga ganyenta, injin da aka zo dominsa kuwa ya yi laushi. Dalili shi ne kyamarar da aka bar wa zaɓi tana son kama abin da ya fi kusa da ita. Wannan aibi ba shi da gyara a kwamfuta. Maganinsa tun a wurin ne: mai hoto ya zaɓi ɗigon saiti guda da kansa, ya ɗora shi a jikin injin, a kan taga ko mahaɗar fukafukai.

Na uku shi ne motsin abin da ake ɗauka, kuma a nan ne injin iska ya fi koyar da darasi. Zan tsaya a kansa.

Lissafin fiffike

Fukafukan manyan injinan Kinderdijk, daga bakin wannan zuwa bakin wancan, sun kai wajen mita 28. Ke nan a kowane zagaye guda bakin fiffike yana cin tafiyar kusan mita 88. A ce iska ta samu, injin yana zagaye 15 a minti, wato zagaye ɗaya a sakan 4. Daga nesa za ka ga kamar yana tafiya a natse, amma bakin fiffiken yana gudun mita 22 a sakan, kusan kilomita 80 a awa.

Yanzu a ce mai hoto ya ɗauka a 1/125. A wannan ɗan lokaci bakin fiffiken ya gusa kusan santimita 18. Idan fukafukan sun cika ɗigo 3,000 a cikin hoton, kowane ɗigo yana wakiltar kusan santimita 1, sai gefen katakon ya shafe a kan ɗigo kusan 19. Wannan kowa zai gan shi. A 1/500 gusawar ta koma kusan santimita 4, a 1/1000 kuma kusan 2, wanda ido ba zai damu da shi ba.

Ga yadda za ka gane wannan irin. Jikin injin ya fito garau, mahaɗar fukafukan ma ta fito, amma kana bin fiffiken zuwa waje dishi-dishin yana ƙaruwa, har ya fi yawa a baki, kuma shafewar tana bin hanyar zagaye. Dalili a fili yake: tsakiya ba ta tafiya mai nisa, baki ne ke cin dogon zango. Duk inda ka ga haka, hannun mai hoton bai yi rawa ba, saitinsa ma daidai ne. Kuma ka sani, na'urar hana rawa da ke cikin gilashi ko kyamara ba ta da abin da za ta yi a nan. Hannunka take tsarewa, ba ta tsayar da fiffike.

To, wannan aibi ne? Sai ka duba niyya. Wani da gangan zai kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya saukar da ƙiftawa zuwa 1/15 ko rabin sakan, domin fukafukan su zama shara mai nuna cewa injin yana aiki. Idan jikin injin ya fito tsaf, sharar kuma ta yi faɗi har babu mai shakkar da gangan ce, wannan gwaninta ce, a yaba masa. Abin da ake kushewa shi ne na tsaka-tsaki, wanda bai daskare ba kuma bai yi shara ba, sai ɗan laushin da ke sa mai kallo ya murza ido. Sanin abin da ake ɗauka yana taimakon mai hukunci a nan. Idan mai kula da injin zai sa shi aiki, yakan shimfiɗa ƙyalle a kan saƙar katakon domin ta kama iska. Idan ka ga saƙar tsirara, fukafukan sun tsaya daidai kamar alamar tarawa, to mai yiwuwa injin a ɗaure yake, kuma laushin da ka gani a kansu ba shi da uzurin motsi.

Masu ɗauka da waya su lura da wani abu. Mafi yawan wayoyi ba sa ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, suna karanta shi layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Idan abu yana juyawa da sauri, kamar farfelar jirgin sama ko fanka, sai ya fito a lanƙwashe alhali a miƙe yake. Wannan halin na'ura ne, kada a ɗora wa hannun yaro.

Ƙofar haske, ISO da iskar da ke tsakani

Da yawa daga cikinku an gaya musu cewa idan ana son komai ya fito, daga gaba har baya, sai a tsuke ƙofar haske. Gaskiya ne, amma tana da iyaka. Idan aka buɗe ta sosai, kamar f/2.8, zurfin abin da zai fito kaɗan ne, kuma yawancin gilasai suna yin laushi a kusurwoyi. Idan aka tsuke ta har f/22, haske yana bazuwa yayin da yake ratsa ƙaramar kafa, sai hoton gaba ɗaya ya yi ɗan laushi iri ɗaya ko'ina, babu rawa babu kuskuren saiti, amma layin bulo ya rasa cizo. Yawancin gilasai sun fi kaifi a wajen f/5.6 zuwa f/11. Tsukewa da yawa tana kuma tona ƙurar da ta kwanta a kan farantin kyamara: ka dubi sararin sama, za ka ga tabo-tabo masu duhu, zagayayyu. Barin su a hoton da aka ce an gama sakaci ne, domin goge su ba ya cin minti biyu.

Lambar ISO kuwa, gwargwadon ɗaga ta gwargwadon tsaki-tsakin da zai bayyana, musamman a wurare masu duhu kamar ƙarƙashin hular injin. Amma tsaki-tsakin bai kai maganinsa ɓarna ba idan aka zarce. Manhajar da ke share shi ba ta bambanta shi da silin ciyawa, sai ta shafe su tare. Ka buɗe jikin injin mai jinka a kashi 100. Idan maimakon ciyawa sili-sili ka ga wani abu sumul kamar an shafa fenti, to an share hoton fiye da kima. Wayoyi sun fi kowa wannan hali, musamman da magariba, ko idan an jawo abu da yatsu har an wuce ƙarfin gilashin. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki wanda zanensa ke nan ya fi sumul ɗin da babu komai a cikinsa.

Akwai kuma laushin da babu laifin kowa a ciki. Tsakanin kyamara da injin na bakwai a layi akwai iska mai yawa, kuma a ƙasa mai ruwa irin Holan iskar tana ɗauke da laima. Dole na nesa ya fi na kusa dusashewa, launinsa ya yi fari-fari. Wannan shi ke ba hoto zurfi, kuma ba aibi ba ne. Ku da kuka san hazon hunturu da yadda garjin rana ke sa abin da ke nesa ya riƙa rawa a kan kwalta, ba sai an yi muku dogon bayani ba. Mai hukunci ya tambayi kansa: na kusa ya fito? Idan ya fito, a bar na nesa da halinsa.

Kaifin ƙarya

Wannan ita ce cutar zamaninku. Mutum ya ga hotonsa ya yi laushi, sai ya shiga manhaja ya ja ma'aunin kaifi har ƙarshe. Ku fahimci abin da ma'aunin nan yake yi. Ba ya dawo da zanen da kyamara ba ta kama ba. Abin da yake yi kawai shi ne, duk inda duhu ya haɗu da haske, sai ya ƙara wa gefen duhun duhu, ya ƙara wa gefen hasken haske, ido ya ɗauka an sami kaifi. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani, kusan kowane hoto yana bukatarsa. Idan ya yi yawa, injin iska ne farkon mai fallasa shi, saboda baƙin katako a kan farin sama. Za ka ga farin zare yana bin gefen kowane fiffike da hular injin, kamar an zagaye su da alli. A allon waya abin yana burgewa, amma ranar da aka wanke shi babba aka rataye, kowa zai gani.

A gefen fukafukan dai, ka duba ko akwai wani launi na shunayya ko kore yana bin katakon, musamman wajen kusurwoyin hoto. Wannan daga gilashi yake, domin bai tara launukan haske a wuri guda ba. Manhajojin gyara suna cire shi cikin sauƙi, saboda haka ganinsa a hoton da aka kammala yana nuna ba a duba ba. Yanzu kuma an sami manhajoji masu ƙirƙiro zane da kansu su cusa a hoto. Ka ƙirga sandunan saƙar fiffike, ka bi layin bulo. Idan sanduna suna haɗewa ko suna ɓacewa a tsakiya, ko bulo ya koma wani zane da magini bai taɓa yi ba, to abin da kake kallo na'ura ce ta zana shi.

Haske da tsayuwa

Ingancin hoto bai tsaya a kaifi ba. Injin iska abu ne mai duhu a gaban sama mai haske, kuma kyamara ba ta iya ɗaukar tazarar da idon mutum yake ɗauka. Ko dai sama ta ƙone ta zama fari fat babu ko alamar girgije, ko injin ya zama baƙi ƙirin. Ka duba jadawalin haske da kyamara da manhaja suke nunawa: idan ya taru ya manne a bangon dama, fari ya ƙone, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Idan mai hoton inuwar injin yake so a gaban faɗuwar rana, baƙin ba laifi ba ne, sai dai a nan gefen inuwar ne zai ɗauki nauyin hoton duka, dole ya fito kamar an yanka da reza.

Hasken da ke zuwa daga gefe, da hantsi ko da la'asar sakaliya, yana sa kowane bulo da kowane silin ciyawa ya yi 'yar inuwarsa, sai hoton ya yi kama da ya fi kaifi ko da gilashin bai canja ba. Hasken rana tsaka ko na ranar da gari ya lumshe yana kwantar da komai. Sau da yawa hoton da aka ce ba shi da kaifi, haske ne bai taimake shi ba.

Sannan ka duba tsayuwa. Ruwa ba ya karkata, don haka idan bakin ruwa ya gangara gefe guda, kyamara ce ta karkace. Idan an tsaya a gindin injin an ɗaga kyamara sama da gilashi mai faɗi, zai fito kamar zai faɗi ta baya. Ka kuma duba ko an yanke bakin fiffike a gefen hoto. Yankewa da gangan daban, gutsure ɗan baki saboda rashin lura daban.

Ina za a kai hoton?

Babu hukuncin da zai yi adalci sai an san amfanin da za a yi da hoton. Masu buga mujalla sukan nemi ɗigo 300 a kowane inci. Da wannan ma'auni, hoto mai ɗigo 6,000 zai ba ka inci 20, wato kusan santimita 51 a faɗi. Idan ka yanke rabinsa domin ka kusanto da injin, ka koma inci 10. Amma allon talla da ake kafawa a bakin titi, wanda ake kallo daga nesa, ba ya bukatar ko kusa da haka. Hoton da ya gaza a kashi 100 yana iya wadatarwa a fuskar waya ko a ƙaramin kati. Saboda haka cikakken hukunci yakan zo da sharaɗi: ya isa ga kaza, bai isa ga kaza ba.

Kada kuma neman kaifi ya rufe muku ido. Hotunan da Robert Capa ya ɗauka a gaɓar Normandy ta Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944, sojoji suna kutsawa cikin ruwa ana ruwan harsashi, dishi-dishi suke, amma har yau ana buga su saboda abin da ke cikinsu. Sai dai ku lura da bambancin. Capa ba shi da damar cewa a dakata ya sake. Injin da ya yi shekara fiye da 280 a tsaye ba zai gudu ba, mai hoto yana da lokacin kafa ƙafa uku, ya saita, ya duba, ya sake. Shi ya sa ake tsananta wa hoton gini da na fili a kan kaifi fiye da hoton yaƙi ko na gobara. Haka nan hoton da ya fito tar amma babu abin kallo a cikinsa, ingancinsa bai sa ya zama kyakkyawa ba.

Yadda ake faɗa

Idan ka gama dubawa, saura ladabin magana. Ka fara da abin da ya yi daidai, kuma ka faɗe shi da hujja. Sannan ka nuna aibin, wurinsa, dalilinsa da maganinsa. Misali ka ce: "Malam, hasken ya yi kyau, sama ba ta ƙone ba, jikin injin ma ya fito har ana ganin layin bulo. Amma bakin fukafukan ya ɗan shafe, na ga a 1/125 ka ɗauka. Ka gwada 1/1000 idan daskarewa kake so, ko ka sauka ƙasa sosai a kan ƙafa uku idan shara kake so. Akwai kuma tabon ƙura biyu a sama ta hagu." Wanda aka gaya wa haka ba zai ji an ci masa fuska ba, kuma ya tafi da abin yi. Idan babba ne a sana'ar, ka sa maganar a sigar tambaya. Idan kai aka gaya wa, kada ka fara kare kanka da cewa kyamararka ƙarama ce. Rawar hannu da kuskuren saiti da wuce gona da iri wajen gyara duk ba a sayen maganinsu a kanti.

Ba sai kun je Holan za ku koyi wannan ba. Wanda ke kusa da Katsina yana da injinan iska na lantarki a Lambar Rimi. Wanda ba ya kusa, fankar ɗaki ta ishe shi. Ka kunna ta a lamba ɗaya inda akwai haske sosai, ka ɗauke ta a 1/30, da 1/125, da 1/500, da 1/2000. Ka sake ɗaukar bangon bulo a f/4, da f/8, da f/22. Ka zuba su a kwamfuta ka jera, ka buɗe kowanne a kashi 100, ka rubuta abin da ka gani. Yammaci guda na wannan aiki zai buɗe maka ido fiye da wata guda na kallon hotunan mutane kana yabo.

Ƙannena, ku fara tsananta wa hotunanku kafin ku taɓa na wani. Duk wanda za ku fitar, ku buɗe shi tukuna ku bi shi kusurwa-kusurwa, wanda bai kai ba ku bar shi a gida ko da kun sha wahala kafin ku same shi. Idan kuma aka miƙo muku na wani aka ce me kuka gani, ku ji tsoron Allah ku duba da gaske, ku faɗi wurin da dalilin. Allah Ya yi wa sana'arku albarka.